Me ya sa afendis ɗin talaka ya fi fashewa?

Tambaya: Likita, an yi wa ɗan yayata da ke ƙauye aikin afendis. Sati uku ya yi a asibiti, sau biyu ana shiga da shi tiyata, har yanzu wurin ɗinkin yana ruwa. A watan nan aka yi wa ɗan wani abokin aikina a birni aiki iri ɗaya, kwana biyu aka sallame shi. Shin aikin da ake yi wa talaka ne daban, ko kuwa ciwon ne iri-iri?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne. Daga yadda ka kwatanta, suna ɗaya aka sa wa ciwon yaran nan biyu, amma abin da suka kai asibiti ya sha bamban. Ɗan abokin aikinka ya je da afendis mai kumburi. Ɗan yayarka ya je da wanda ya riga ya fashe, mugunya ta bazu a cikinsa. Abin da ya raba su shi ne awowin da suka wuce daga fara ciwo zuwa hawa gadon tiyata, kuma a wannan ciwon awowin nan ne talauci yake cinyewa. Shin aikin ma ya bambanta? Akwai inda ya bambanta, zan zo kansa, amma mu fara da lokaci tunda shi ne babba.

Afendis wani ɗan siririn hanji ne, tsawonsa kamar na yatsa, yana maƙale a daidai inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, a ƙasan ciki ta hannun dama. Lungu ne marar ɓullewa, ƙofa ɗaya gare shi. In ƙofar ta toshe, ko da busasshen bahaya da ya daskare, ko da kumburin bangonsa bayan wata gudawa ko mura, ko da tsutsar ciki, sai majinar da yake fitarwa ta rasa hanya. Ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ya cika ya yi tam, matsin ya danne jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangon, bangon ya mutu, ya huje. Tsakuwar shinkafa da 'ya'yan gwaba da ake tsorata yara da su, da wuya ƙwarai mu buɗe mu tarar da su.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi diddigin wannan lokaci. Cikin awa 36 na farko, haɗarin fashewa bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Daga nan kuma kowace awa 12 da aka ƙara ba tare da magani ba tana zuwa da haɗarin kusan kashi 5 cikin ɗari. Ba doka ba ce da ta hau kowa. Na ƙananan yara da na tsofaffi yakan fashe da wuri, wani kuma yakan kumbura ya lafa da kansa. Amma ka riƙe kwana ɗaya da rabin nan a ranka, ka tambayi yayarka inda ɗanta yake a lokacin da suka cika. Na tabbata ba a ɗakin tiyata ba ne.

A da ma ciwon masu hali ake ɗaukarsa. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta a 1971 cewa afendis ya yi ƙaranci a karkarar Afirka inda ake cin tsaba da dusarta, ya yawaita ga Turawa da 'yan birni masu cin farin fulawa da sukari. A ƙasashen Turai da Amurka mutum 7 zuwa 8 cikin ɗari ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa, galibi tsakanin shekara 10 da 30. Maganar Burkitt tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ni kullum ina ƙara mata wani abu: wanda ya rasu a gida da “ciwon ciki na kwana biyar” babu rijistar asibitin da ta ɗauki sunansa, don haka bai shiga lissafin kowa ba. Ko ma dai yaya ne, kamuwa daban, fashewa daban. A jihar Kalifoniya ta Amurka an duba takardun manya kusan dubu ɗari, aka buga sakamakon a 1994: marasa inshora da masu inshorar gwamnati ta talakawa, kusan 34 cikin ɗari nasu ya fashe, masu inshora mai zaman kanta, tsakanin 26 da 29. Ƙasar da asibiti ke kusa da kowa ke nan. A Afirka ta Kudu kuwa, likitocin birnin Pietermaritzburg sun ruwaito cewa fiye da rabin waɗanda suke yi wa aikin sun zo da shi a fashe, kuma mutanen ƙauye sun fi zuwa a makare.

To bari mu bi sawun awowin nan a ƙasarmu, mu ga inda suke zubewa.

Ciwon yakan fara a wajen cibiya, marar takamaiman wuri, kamar murɗar ciki. Yaro ya ƙi abinci, zuciyarsa ta tashi, ya yi amai sau ɗaya ko biyu. Babu uban da zai ɗauki mota zuwa babban asibiti a kan wannan, kuma ban ga laifinsa ba. Mafi yawan ciwon ciki da kansa yake wucewa. Mutumin da abin da ya samu yau shi za a ci yau, in ya ce duk ciwon ciki sai asibiti, gidan ba zai kai ƙarshen wata ba. Abokan aikina da yawa suna kiran wannan jahilci. Ni lissafi nake ganinsa, lissafin da yakan yi daidai sau da yawa, sai ranar da ciwon ya zama afendis. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu a Arewa. Ban da wannan, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye. Duk wanda zai biya da kansa, sai ya jinkirta.

Zangon farko kemis ne. Mai kemis ba ya taɓa ciki, tambaya yake yi ya ba da magani, kuma sunaye uku ne a bakinsa: maleriya, taifot, olsa. In an je ɗan ɗakin gwaji na unguwa, za a yi gwajin Widal, wanda a wuri irin namu yakan nuna “akwai taifot” ga mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, saboda jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta. Gwajin maleriya ma haka, da damina yara da yawa suna yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ita ce ta kwantar da su ba. Sai a dawo gida da takarda mai hatimi, hankali ya kwanta, an san ciwo. Takardar nan ta fi rashin gwajin illa, domin ta rufe ƙofar tunani. A haɗa masa maganin zazzaɓi, a yi masa allurar diclofenac ko a ba shi tramadol, a ƙara da antibayotik na kwana biyu gwargwadon kuɗin da ke hannu. Ciwo ya lafa, zazzaɓi ya sauka, afendis kuwa yana can yana ruɓewa. Antibayotik rabi-rabi ba ya warkarwa, alamomin kawai yake dusashewa, har likitan da zai gan shi daga baya ya sha wahalar ganewa.

Kwana na biyu ko na uku ciwon ya koma ƙasan dama ya tsaya. Tari ya ƙara shi, tafiya sai a duƙe, gargadar hanya a kan babur sai ya riƙe wurin. A nan ne ake cewa dattin ciki ne, a nemo maganin wankin ciki, ko a jiƙa saiwa mai sa gudawa. Wannan shi ne mafi haɗari cikin duk abin da ake yi a gida, domin tilasta wa hanji motsi ne alhali akwai wurin da ya kusa hujewa. Wasu a kai su wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga a kan wurin. Mukan ga sababbin tsagar a fatar ciki, daidai inda za mu sa wuƙa, wanda ke nuna cewa wanzamin ma ya gano wurin ciwon sarai. Akwai kuma yaudarar da ciwon kansa ke yi. Wani lokaci in ya fashe, matsin ya saki, mara lafiya ya ji sauƙi na 'yan awowi, a ce maganin ya karɓe shi. Bayan nan cikin ya kumbura, ya yi tauri, zazzaɓi ya yi zafi, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ragu.

Ko an yanke shawarar tafiya, ba a tafiya sai da kuɗi, kuma dukiyar mutumin ƙauye ba a aljihu take ba. Tana tsaye a turke ko tana cikin rumbu. Akuya sai ranar kasuwa, kasuwa kuma sau ɗaya take ci a mako. In ciwo ya fara Talata kasuwa sai Asabar, to ko a jira, ko a sayar wa maƙwabci a wulaƙance, ko a bi dangi ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa. In mace ce ko yaro, maigida kuma ya tafi cin rani, sai an same shi a waya ya ba da izini ya turo abin da ya samu. Da damina rafi ya cika, hanya ta yanke. A sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna da ke fama da 'yan bindiga, in ciwo ya tsananta da magariba babu direban da zai tashi sai gari ya waye. Kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ce a rahotonsa na 2015, ya kamata kowa ya iya isa asibitin da ke buɗe ciki cikin awa biyu, kuma ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Mutumin da nake kwatanta maka yana cikinsu.

Asibitin da aka fara isa sau da yawa ba ya yin tiyata, sai ƙarin ruwa. A kwana a can. Washegari a tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma, a tarar likita ɗaya ne kuma ya fita, ko mai ba da maganin barci ba ya nan, ko babu jini. A sake tura shi birni, Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Kowane zango da kuɗin katinsa da gwajinsa, don haka kuɗin akuyar yana ƙarewa tun kafin a isa inda ake buƙatarsa.

Sai kuma jinkirin da ya fi ci mini rai, domin a hannunmu yake faruwa. An ga mara lafiya, an gane ciwon, an rubuta a shiga da shi tiyata, sai a miƙa wa mai jinya takarda: ruwan ƙari, allurai, safar hannu, zaren ɗinki, bandeji, robar fitsari, kuɗin gwaji, kuɗin maganin barci, kuɗin aiki, leda ɗaya ko biyu ta jini, wani wurin har man janareta. Jimlar takan wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wanda manomi da ɗan acaba ma ba su da tabbacinsa. Mutumin ya fita da takardar yana kiran waya, mu muna jira, yaron yana kwance. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Amma doka ba ta ajiye zaren ɗinki a kabad. Don a yi adalci, ba kowane jira ne ke kisa ba. Wani gwaji da aka yi a Finlan da Norwe, aka buga a 2023, ya nuna cewa mai afendis da bai fashe ba, in aikinsa ya kai awa 24 maimakon 8, haɗarin fashewa bai ƙaru ba. Sai dai waɗancan an tantance nasu bai fashe ba, suna kan gado ana duba su. Namu ya zo a kwana na huɗu, jikinsa ya bushe, kuma ko ruwan da za a ɗaura masa sai an sayo.

Ganewar ma ta fi wuya ga talaka. A rana ta farko afendis yana da tsari da likita mai hannu zai gane ba tare da na'ura ba: ciwo ne ke fara zuwa, sannan amai, sannan ɗan zazzaɓi, kuma ciwon ya tashi daga cibiya ya koma dama. In zazzaɓi ne ya fara, ya yi sati biyu, sannan ciki ya ɗauka farat ɗaya, hankalinmu ya fi tafiya ga taifot da ya huda hanji, wanda ya yi yawa ga yaran da ke shan ruwan rijiya da na kududdufi a Arewacin Nijeriya da Nijar. Amma a kwana na biyar, bayan allurai da jiƙe-jiƙe, duk cikin ya yi tauri, labarin ya cakuɗe, sai an buɗe ake sanin wanne ne. Ga mace kuwa akwai cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da ciwon sanyin mara, da murɗewar ƙwan mace, duk suna kama da shi. Gwajin ciki na fitsari ba shi da tsada, kuma duk macen da ke shekarun haihuwa ya kamata a yi mata shi kafin komai. Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari, domin ana ɗora ciwon a kan cikin, mahaifa ta tura afendis ɗin sama, in kuma ya fashe haɗarin ɓari ko haihuwar bakwaini ya ƙaru sosai.

Mai kuɗi in an yi shakka a yi masa siti-sikan, wato hoton cikin jiki na babbar na'ura, a ga komai. Talaka sai sikanin ɗin bakin asibiti, wanda ingancinsa ya dogara kacokan ga idon mai riƙe da na'urar. Sikanin da bai ga afendis ba bai wanke shi ba, amma an sha sallamar mutane a kan haka. Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Wasu ƙananan asibitocin kuɗi marasa rijista, duk wanda ya je da ciwon mara sai takarda ta fito da afendis, a yanka shi a cire lafiyayye, ciwon da ya kai shi yana nan. Shi ma wannan talaka ya fi faɗawa, saboda arha da kuma rashin wanda zai tambaya ya ji ra'ayi na biyu.

Yanzu ga bambancin aikin. Afendis da bai fashe ba, ɗan yanka ne a ƙasan dama, ko ƙananan huji uku in asibitin yana da kyamarar aiki. Bai cika kai awa ɗaya ba. Washegari mutum ya sha ruwa ya taka, kwana biyu ko uku ya tafi gida. A inda kayan aiki suka wadata, mutuwa daga irin wannan ba ta wuce kusan ɗaya cikin dubu ba. Wanda ya fashe ya bazu kuwa, sai an fara farfaɗo da mara lafiya da ruwa leda-leda kafin ya iya ɗaukar maganin barci. A tsaga tsakiyar ciki, a tsotse mugunya, a wanke da ruwan gishiri lita-lita. Ya fito da roba a hanci, roba a mafitsara, wani lokaci da wata a gefen ciki. Hanji ya yi kwanaki bai motsa ba, don haka ba ci ba sha, komai ta jijiya. Antibayotik iri biyu ko uku na kwanaki. Daga nan abin da ka gani ga ɗan yayarka: ɗinki ya yi ruwa, ko mugunya ta sake taruwa a wani saƙo na cikin, ko ɗinkin ya ɓalle gaba ɗaya, a koma tiyata. Komawa tiyata a irin wannan hali ba lalle kuskuren likita ba ne, ciki da ya jiƙa da mugunya haka yake yi. Kuɗin kuwa ninkin ba ninkin na aikin farko. Wanda ya jinkirta don kuɗin ƙaramin aiki ya fi ƙarfinsa, shi ne aka miƙa wa takardar babba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wuƙar likita ba ta tambayar albashi, amma abin da ke kewaye da wuƙar yana tambaya. Yaron da ya taso da ƙarancin jini da ƙarancin abinci mai gina jiki, namansa ba ya haɗewa da sauri. Allurar da aka rubuta a yi kowace awa takwas, in ɗaya-ɗaya ake sayenta, ta dare takan wuce ba a yi ba. In an je neman mai arha a waje, a iya haɗuwa da jabu. A ɗakin kowa-da-kowa nas ɗaya ce ko biyu a kan gadaje masu yawa da dare, don haka in bugun zuciya ya hau ko fitsari ya tsaya, sai da safe a lura. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, Nijeriya da Nijar na ciki, a kan marasa lafiya fiye da 11,000, aka buga a 2018, ya gano abin da ya dace da wannan. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka, kuma kusan duk mace-macen a kwanakin da suka biyo bayan aikin suka faru. Likitocin tiyata da na maganin barci da na haihuwa, in an haɗa su, ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba a asibitocin da aka duba, alhali ma'aunin da ake so 20 ne.

Wani abu kuma da ake tsallakewa saboda kuɗi shi ne kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Mai jinya ya ga an gama aiki, ya ga biyan kuɗin duba naman da aka riga aka cire ɓarna ne. Amma a nan ne ake gano ƙwan tsargiya ga yaran da ke wanka a dam da fadama, ko tarin fuka na hanji, ko wani ɗan ƙari da ke buƙatar bibiya. In tsargiya ce, cire afendis bai kashe ta ba, kuma maganinta 'yan ƙwayoyi ne. Bayan sallama ma ba a gama ba. Wanda aka tsaga wa tsakiyar ciki yana buƙatar makonni kafin ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya riƙe fartanya, amma damina ba ta jira, sai ya koma gona da wuri, wurin ɗinkin ya saki ya zama gwaiwar ciki. Hanjin da ya sha mugunya kuma yakan manne da juna, ya iya toshewa ko bayan shekaru. Don haka duk ranar da ɗan yayarka ya yi ciwon ciki da amai da kumburi, bahaya da tusa suka tsaya, asibiti kai tsaye, a kuma gaya musu an taɓa buɗe shi. Yanzu dai a dage da wankin ciwon a asibiti, a ba shi wake, ƙwai, nono, kifi ko nama gwargwadon hali.

Mai yiwuwa ka ji ana cewa yanzu ana warkar da afendis da magani ba tare da aiki ba. Gaskiya ne ga wasu. A gwajin da aka yi a Finlan, wanda aka buga a 2015, kusan 27 cikin ɗari na waɗanda aka ba antibayotik kaɗai sai da aka yi musu aikin cikin shekara ɗaya, kuma cikin shekara biyar adadin ya kai kusan 39. A na Amurka na 2020, kusan 3 cikin 10 aka yi wa aikin cikin wata uku. Amma duka an yi su ne ga waɗanda hoto ya tabbatar da irin ciwonsu, masu iya dawowa asibiti cikin dare in ya tashi. Ga mutumin da tsakaninsa da ɗakin tiyata tafiyar yini ce, in ya riga ya iso gabana da afendis, ra'ayina a cire shi kawai. Inda muke jinkirta aiki da gangan shi ne in an zo a makare amma jiki ya killace wurin, kitsen da ke lulluɓe hanji ya naɗe shi ya zama dunƙule. Nan ana kwantar da mutum a ba shi magani ta jijiya ana lura da shi, domin shiga da wuƙa a lokacin na iya yaga hanji. Wannan hukuncin likita ne a asibiti, ba na kemis ba.

Tsare-tsaren tallafin da muke da su kuma sun tsallake mai afendis. Nijar ta sa kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, jihohin Arewa da dama suna da irin wannan ga masu juna biyu da ƙananan yara, kuma a ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Duk abin yabo ne. Amma afendis ɗan shekara 12 yake kamawa, da ɗan 19, da magidanci ɗan 28, waɗanda babu shirin da ya ambace su. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, sai dai mafi yawan waɗanda ke ciki ma'aikata ne. In da za a tambaye ni abu ɗaya da zai fi saurin rage wannan asara, zan ce kowane babban asibiti ya ajiye ƙunshin kayan aikin gaggawa a ɗakin tiyata, a buɗe a yi aiki, a yi maganar kuɗi da safe. Za a samu waɗanda ba za su biya ba, babu shakka. Amma asibitin da ke tsoron asarar kayan aikin awa ɗaya, shi ne ke ƙarewa da gado a toshe sati uku da mara lafiyar da ya kasa biyan ko rabi. Kwamitocin zakka da ƙungiyoyin unguwa da ke biyan kuɗin waɗanda aka riƙe a asibiti bayan sallama, da za su ajiye wani kaso a bakin ƙofar gaggawa, kuɗinsu zai fi yin nisa. Masu kemis kuma a koya musu ƙa'ida ɗaya tak: ciwon cikin da ya wuce awa shida yana ƙaruwa, ko ya tsaya a ƙasan dama, ba nasu ba ne.

Ga iyali kuwa, in aka ga ciwon da ya fara a cibiya ya koma dama, da ƙin abinci, kuma tari ko tsalle yana ƙara shi, kada a ba da maganin wankin ciki, kada a matsa wurin, a dakatar da abinci. A wuce ƙaramin asibiti a nufi inda ake tiyata kai tsaye, ko da kuɗin motar ya fi yawa, kuma in akwai wanda aka sani a can a kira a tambaya ko likita da mai maganin barci suna nan. A tafi da abin da ke hannu, sauran dangi su ci gaba da haɗawa a turo ta waya, kada mara lafiya ya zauna jiran ranar kasuwa. A ɗauki mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini, a tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha don likita ya gani. In kuɗi ya gaza a asibitin gwamnati, a nemi ofishin walwalar marasa lafiya, a kuma faɗa wa likitan da ke bakin aiki gaskiyar abin da ke aljihu tun da wuri, domin akwai abin da za a iya ragewa a takardar, akwai kuma wanda za a iya aro daga ɗakin tiyata a mayar daga baya. Rijistar inshorar jiha kuma da lafiya ake yin ta, domin kati yana da lokacin jira kafin ya fara aiki.